Rigar Whitlock

Ni ne mai wanki a ƙungiyar nan,
shekara goma sha tara a ɗakin ƙasa,
a garinmu na bakin Tafkin Erie,
inda ƙanƙara kan fara zuba tun kakar wasa ba ta yi rabi ba.
Ba na kallon allon maki.
Bayan rigar mai jifa nake dubawa,
ita ke ba ni labarin yadda aka kwashe.

Shekarar da mutum biyar ɗin nan suke da lafiya,
Wojcik a tsakiya, Faleolo a damansa,
Boudreaux can gefen hagu yana tsare masa ƙeya,
rigar Whitlock takan dawo mini fara sol,
sai ɗan gumi a wuya.
Tasu kuwa, laka, ciyawa, jini,
kwana suke a jiƙe kafin su saki.
'Yan kallo dubu sittin na kiran sunan yaro ɗaya,
ƙattin nan biyar suna haki, ba mai sayen lambarsu a kanti.

Sai wata Lahadi a Oktoba
gwiwar Wojcik ta yi ƙara.
Daga bakin rami na ji ta, kamar an karya icce ɗanye.
Mako biyu, kafaɗar Faleolo ta goce.
Boudreaux ya bi kuɗi zuwa garin da ba a sanyi.
Bango ya tsage, ƙadangaru suka sami wurin shiga:
sau bakwai aka kai Whitlock ƙasa a yini ɗaya.
Na goge koren ciyawa daga bayansa har yatsuna suka ɗaye.
Jaridu suka ce yaron ya lalace, hannunsa ya mutu.
Wa zai tambayi mai wanki?

Aka kawo sababbi.
Amaro, ɗan shekara ashirin da biyu, ƙirji kamar ƙofar gareji,
ƙafafu kuwa ba su san juna ba.
Lindqvist, wanda ƙungiya uku suka sallama.
Ƙarfi akwai, nauyi akwai,
amma ba a sayen sabo a kasuwa.
Na dama ya taka, na hagu yana jira,
su biyar, zuciya biyar.
Kaka biyu muka sha kashi,
kujeru suka yi ta zama babu kowa.

Wojcik bai sake sa kwalkwali ba.
Yakan zo da sanda, da asuba,
ya zaunar da yaran gaban bidiyo,
ya ce, "Saurari numfashin na kusa da kai.
In ka ji shi, ba sai ya yi magana ba."
Ranar Alhamis ya tilasta musu cin abinci tebur ɗaya.
Har ni yakan aiko wa ragowar haƙarƙari.

Jiya, cikin sanyin Disamba,
aka turo mini kwandon bayan wasa.
Ihun sama na girgiza bututun ruwa a kaina.
Na tono lamba goma sha biyu,
na ɗaga ta gaban fitila, na juya bayanta.

Fara.

Na ajiye ta gefe, ba ta da gaggawa.
Na jawo ta Amaro, baƙa ƙirin, hannu ɗaya a yage,
na tara mata ruwan zafi.