Reshen da Ya Tsallako Shinge

A Coburg, cikin watan Yuli, sanyi na cizon kunne,
ruwa na ɗiga kan rufin kwano tun asuba.
Na tashi daga aikin dare, na baro jirgin titi a masauƙinsa,
na tarar da lemun tsami bakwai zube a ciyawata.

Ba nawa ba ne. Na Thanasis ne,
tsohon da ke bayan shinge,
wanda shekara biyu ba mu gaisa ba
a kan katako uku da kuɗin kafinta.
Itacensa dai bai san da faɗan ba,
ya miƙo hannu ta sama yana zubo mini.

Na wanke su, na goge ɓawo a hankali,
na saman kaɗai, farin ƙarƙashi ɗaci ne,
kamar maganar da na yaɓa masa ran nan.
Na murza ɓawon cikin sukari da yatsu
har ƙamshi ya cika kicin, taga ta yi gumi.

Man shanu ya daskare, ya ƙi wuƙa,
na jingina shi da butar shayi ya sassauto.
Ƙwai uku, ɗaya ya fashe mini a tafi.
Fulawa, ɗan gishiri, madara rabin kofi.
Na juya, ban cika juyi ba;
kakata Maeve kan ce kwaɓi kamar rigima ne,
in ka matsa masa sai ya yi tauri.

Dogon gwangwani, takarda a ciki,
minti hamsin a tanderu.
Na zauna a ƙasa, ƙafa miƙe, ina leƙe.
Ya kumburo, ya tsage ta tsakiya,
tsinke ya shiga ya fito tas.
Na huhhuda shi, na kwarara ruwan lemo da sukari,
ya shanye shiru, bai bar ko ɗigo ba.

Na naɗe shi a tawul da ɗuminsa.
Taku goma sha huɗu zuwa ƙofarsa.
Ya buɗe, da rigar barci da silifa,
ya dubi kek, ya dube ni, ya shinshina.
"Sukari ya yi yawa," in ji shi, tun bai ɗanɗana ba.
Sannan ya matsa gefe.

Wuƙa, faranti biyu,
mai karyayyen baki ya ja gabansa.
Ya ci yanka uku. Ba wanda ya ta da zancen shinge.

Da zan fita ya ce, yana kallon ruwan sama,
"Gobe ki zo da tsani.
Na can sama sun fi ruwa."