Haruffa Huɗu a Slough

Ran da na sauka na ce wa direban tasi, "Sulof."
Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Silau."
Kunyar farko ke nan da garin ya ba ni,
tun ban ajiye jaka ba.

Yanzu aikin dare nake, gidan kula da tsofaffi,
bayan tashar jirgin ƙasa, hawa na biyu.
Ɗaki na tara akwai Misis Pendry,
tamanin da bakwai, tsohuwar malamar firamare,
barci ya yi mata yaji tun rasuwar mijinta.
Ƙarfe uku take danna ƙararrawa.
Ba ruwa take so ba, ba bargo ba,
ɗalibi take nema.

Ta jawo ambulan ɗin asibiti,
ta rubuta a bayansa, hannu na rawa:
o, u, g, h.
"Tanimu, ga 'yan ɗaki ɗaya su huɗu.
Kada ka ba su amana."

Cough, ta ce, ta yi tarin wasa don in gane,
tarin ya zarce na gaske, sai da na miƙa mata kofi.
Dough, ƙullin fulawa tun bai ga wuta ba.
Bough, reshe, irin wanda ke karce tagarta in iska ta taso.
Rough, kaushi.
Nan ta kama tafin hannuna ta juya shi,
ba ta ƙara bayani ba.

Na ce, Malama, wannan ai cin zali ne.
Riga ɗaya, hula ɗaya, kowa da muryarsa!
Na san kama da wane ba ta wane,
amma har haka?

Wani dare ta kawo plough.
Na ce wannan ɗan gida ne:
garmar babana a Kafur, bijimai biyu a gaba,
ni a baya da tsumagiya, ƙasa na buɗewa kamar littafi.
Ta kawo drought.
Na ce wannan na fi ki saninsa.
Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe,
muka kora bijiman kasuwa,
babana bai ci tuwo ba daren.
Ga su nan, haruffan nan huɗu,
zaune cikin garma, zaune cikin fari,
ko a jikinsu.

"Naku harshen ba ya yaudara?" in ji ta.
Na bugi ƙirji: abin da muka rubuta, shi muke faɗa.
Sai gari ya faɗo mini,
wanda ake zama a ciki da wanda ake tuƙawa.
Sai kuka.
"Itace da hawaye, rubutu ɗaya?"
Na ce e, sai an ji yadda murya ta hau ta sauka.
Ta yi dariya har Blessing ta leƙo daga ɗaki na bakwai
ta harare mu.

Though ta fi so: duk da haka.
Wai ita ce ƙaramar ƙofa a bangon magana,
in zance ya rufe, ta nan ake fita.
Through kuwa ratsawa ne, ka shiga nan ka ɓulla can.

Ta ƙarshe ba ta rubuta ba.
Cikin Fabrairu, na kai cokali bakinta,
ta ture shi da yatsa biyu, a hankali:
"Enough."
Ban nemi fassara ba.

Ɗaki na tara yanzu wani tsohon makaniki ne,
yana barci kamar an biya shi.
Ƙarfe uku ba mai kirana.
Nakan zauna a baranda da ambulan ɗin,
reshen yana karce gilashi,
in faɗi kuka da murya ɗaya,
in sake faɗinsa da ɗayar.