Ƙulli na Bakwai

Shamuwa ta kwashe 'ya'yanta daga tsamiyar Harbo,
mazari ya cika bayan gida,
na san ruwa ya ɗaure kayansa.
Bana dai bai rabu da mu lafiya ba:
marka ta kwana tara a kanmu,
ta ci gindin katanga,
ta bar lambun Tabawa kwance cikin taɓo
kamar tabarmar da aka manta a tsakar gida.

Ba a fafe gora ran tafiya.
Sanyi na hanya, kuma ba ya aike,
don haka da hantsi na naɗe ƙafar wando
na shiga.

Yaɗon kabewa ya ruɓe, yana sulɓi a hannu.
Na janye shi, kwaɗi uku suka watse suna harara ta.
Kuɓewa ta tsufa a tsaye har ta yi ƙaho,
na bar biyar masu ƙwari su bushe don iri,
saura na tumɓuke na kai juji.
Zogale kuwa na sare shi daidai ƙugu.
Ladiyo jikata ta dafe kai:
"Kaka, ka kashe shi!"
Na ce ke dai zuba ido,
wannan sai an rage masa tsawo yake tuna ganye.

Na ja wa ruwan da ya kwanta hanya da fartanya,
ya bi ƙarƙashin danga yana sanɗa
kamar baƙon da ya san ya daɗe.
Na ɗaga fangali huɗu.
Tokar murhu, takin awaki da ya sha kwana,
yashi kwando biyu don ƙasa ta samu numfashi.
Bayana ya yi magana, ban amsa masa ba.

Darni ya sha ruwa, gara ta ƙarasa shi.
Barau maƙwabcina zai saki awakinsa
ranar da aka gama roron wake,
kuma jar akuyar nan tasa ba ta san haram ba.
Na jero sabon kara, na ɗaure da kaba,
Ladiyo na miƙo mini, tana ƙirga ɗauri,
tana tsallake takwas kullum.

Da la'asar na jawo tukunyar ƙarƙashin gado.
Tun rasuwar Tabawa ban buɗe ta ba.
Ƙulli bakwai, a tsumman atamfofin da na sani:
wannan na sunan Ilu, wannan na wata sallar da aka yi fari.
Ita ba ta rubutu. Da yatsa take karanta iri.
Albasa, baƙa kamar garin gawayi.
Tumatir mai gashi-gashi.
Alayyafo, kwalli sak.
Gauta. Yakuwa.
Barkono ya gaishe ni da atishawa uku.

Na bakwai ne ya tsayar da ni.
Ƙwayoyi ne sirara, ruwan ƙasa, da ɗan ƙamshi
irin na gefen mayafinta.
Na nuna wa Barau, ya juya su a tafi, ya girgiza kai.
Na kai wa mai iri ran kasuwa,
ya ce, "Baba, wannan sai mai shi."

Mai shi kuwa tana gabas da gari,
inda ruwa bai kai ba ko bana.

Na ba shi fangalin da ya fi tudu.
Na yafa, na rufe da ƙasa mai laushi,
na lulluɓa busasshiyar ciyawa
saboda sanyin asuba kada ya sha shi tun yana jariri.
Ban ruwa sai rana ta ɗaga, tulu ya huce ɗari,
haka take yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Yau kwana shida.
Ladiyo ta ɗaga ciyawa da tsinke, ta leƙa,
ta ce, "Kaka, me zai fito?"
Na ce mayar, kada iska ta shiga.
Ta mayar.
Muka zauna kan turmi, raɓa na bushewa a ƙafafunmu,
jar akuya na zagaya darni tana neman kafa.