Kafin Laka Ta Rufe Hanya

Zoben azurfar da na sa wa Kubura
shi ya fara tona maganar.
Ya ƙi fita daga yatsa,
ko da sabulu, ko da man riɗi.
Na yi dariya, na ce daɗin gidana ne ya bi jiki.
Ita ba ta yi dariya ba.
Ta ce kanta na sara tun Talata,
in ta dubi bango
sai ta ga ƙananan taurari suna yawo da rana.

Huɗu ta haifa a kan gadon igiyar nan,
ba kati, ba awo, ba layi.
Me na biyar zai zo da shi
da 'yan'uwansa ba su zo da shi ba?

Sitana ungozoma ta iso a kan jaki
da akwatin kwanonta mai ƙamshin sabulun asibiti.
Ta danna babban yatsa a idon sawun Kubura,
ta ɗaga,
ramin ya zauna, ya ƙi cikowa.
Ta ɗaura ƙyalle a dantse, ta hura, ta saurara,
ta sake hurawa.
Ta ɗiga fitsari a 'yar kwalba, ta kara a wuta,
ya yi fari kamar tsala.
Sannan ta dube ni, ba ita ba.
Gadarif, ta ce.
Ba bayan shuka ba. Jibi ma ya yi nisa.

Na dubi gabas.
Hadari na haɗuwa ta wajen Habasha.
Ruwa biyu ya rage baƙar ƙasar nan ta jiƙa,
ta haɗiye lori har wuya,
ƙauyenmu na bayan Doka ya zama tsibiri
sai kaka.
Ga iri a buhu, ga gona a share.

Ban ce mata gona ba, kunya ta hana.
Na ce, likitan can namiji ne?
Ta rufe akwatinta a hankali.
Ta ce, mai haƙa kabari ma namiji ne.

Akuya biyu suka tafi da yammar nan,
da rabin buhun irin.
Taraktar Bashari ta ɗauke mu da asuba,
Kubura a kan katifa cikin tirela,
ni ina riƙe da kanta a kowane gargada.
Yayyafi ya cim mana a kwari,
bai fi ya jiƙa mayafi ba.

A asibiti mata sun cika baranda,
kowace da harshenta, kowace da cikinta.
Aka rubuta sunanta a kati,
karo na farko da na ga sunanta a rubuce.
Likitar ma mace ce, ashe.
Ta ɗora wani abu a kan cikin,
ɗakin ya cika da sauti,
kamar mata biyu na lugude a gidan maƙwabta,
da sauri, ba kuskure.
Huɗu na haifa
ban taɓa jin ko ɗaya kafin kukansa ba.

Yau kwana goma sha tara muna gidan Gwaggo Dudu.
Ƙwaya safe da dare, awo duk Lahadi.
Ina dakon buhuna a kasuwar hatsi.
An ce hanya ta rufe,
an ce ciyawa ta kai gwiwa a gonata.

Zoben kuwa maƙeri ya yanke shi.
Yana nan a zare, a wuyana.
Jiya Kubura ta murza yatsar,
ta ce fata ta fara sakewa,
ta tambaye ni ko na san wanda ke liƙin azurfa.
Na ce sai ta sauka.
Ta ce to, ka dai tambaya.