Layi Ɗaya

Litinin, kafin rana ta hau kan bututun Kalambaina,
na jera ƙananan robobi a tebur,
kowace da lambarta, babu suna.
Haka aka koya mana:
fitsari ba shi da dangi,
ba shi da unguwa.

Kwamfuta ke zaɓe, ba ni ba.
Ta tofo mutum goma sha biyu.
Suka shigo da hulunan kwano a hammata,
wani na dariya, wani na tsaki,
wani ya ɗirki ruwa tun asuba
ko zai wanke abin da ya sani.

Injiniya Gidado na bakin ƙofa
yana biya karatunsa na kullum:
wai a tashar nukiliyar da ya je kwas, can ƙetare,
ko mai shara sai ya hura na'ura
kafin ƙofa ta yarda da shi.
"Nan siminti muka yi," in ji Nomau, "ba bam ba."
Aka kwashe da dariya. Ban yi ba.
Na ga wanda ke ƙarshen layi.

Baba Arzika.
Shekara ashirin da biyu yana sama, cikin kejin kiren,
yana ratsa ƙarfe mai nauyin gida bisa kawunan mutane,
ko ƙusa bai taɓa saki ba.
Shi ya goya ni a babur zuwa Gwadabawa
ranar jarrabawar makarantar lafiya.
Taya ta yi faci, ya tura, ina biye,
ya saya mini fura da ragowar canjinsa.

Ya miƙo robar da hannu biyu,
kamar mai ba da ajiya.
Arba'in da bakwai.

A wannan gwajin layi biyu ne lafiya.
Na tsoma, na ajiye, na dubi agogo.
Minti biyar.
Fanka na juyi,
injin niƙa na gurnani ta ƙarƙashin ƙafafunmu.
Na farko ya fito, ja, tsaf.
Na jira ɗan'uwansa
yadda manomin Wamakko ke jiran hadari.
Bai zo ba.

"Luba," ya ce, murya ƙasa, "ba maye ba na.
Bayan ga nawa yaƙ ƙiya.
Tiramol guda da sahe, in samu in hau tsani.
Mi kika so in yi? Ɗiya bakwai."

Na san gaskiya ya faɗa.
Na kuma san Sahabi,
wanda bara wani direba ya yi gyangyaɗin ƙiftawa uku,
yau yana sayar da katin waya a Runjin Sambo,
yana ƙirga canji da hagu
don ita kaɗai ta rage.
Ƙarfe in zai faɗo ba ya tambayar dalili.

Akwai wata roba a aljihun tebur,
ta wani ce, mai layi biyu.
Gidado ya fita amsa waya.
Hannuna ya kai rabin hanya.

Baba Arzika ya ga hannun.
Ya girgiza kai.
"Ba don wanga nik kai ki Gwadabawa ba."

Sai na rubuta.
Biro ya ƙi, na kaɗa shi, ya yarda.
Inda aka bar ɗan fili don ƙarin bayani
na cika shi har na gangara gefe:
ciwon baya ne, a kai shi hoto,
likitan ƙashi ya gani,
a ba shi aiki a ƙasa kafin ya warke.
Ban sani ba ko a ofishin sama
ana karanta gefen takarda.

Ya ɗauki hularsa,
ya share mata ƙurar siminti da gwiwar hannu,
ya ce in gaida Inna.

Na wanke hannu, na sake wankewa.
Ta taga ina hangen kiren a tsaye,
ƙugiyarsa na ɗan lilo,
ba kowa a kejin.