Baƙon Ruwa

Na kwance igiya a kwatar Lolo
ran Talata, kafin ladan ya gyara murya.
Kaya kaɗan: tukwane biyu, taru, fitilar ƙwai,
Tumba a tsakiya da kajinta cikin akurki,
Ɗanjumma a goshin jirgi yana gyangyaɗi.
Ban waiwaya ba.
Na san in na waiwaya, sai na ɗaure igiyar nan kuma.

Jirgina ba shi da inji.
Gora ce tsaye a cikinsa, da zanen iska
na buhun shinkafa goma sha ɗaya
da na ɗinke da hannuna a damina biyu.
Har yanzu ana karanta sunan kamfanin a jikinsa,
kife, kamar mai addu'a da ka a ƙasa.

Kwana huɗu Kwara ta goya mu.
Muka wuce Yelwa da warin albasarta,
muka kwana a tsibiri, dorina na tari kusa da mu,
Tumba ta ja carbi har gari ya waye.
Sai ruwa ya buɗe baki a Warra,
ya buɗe, ya buɗe,
har gaɓar can ta zama zare.
Ɗanjumma ya ce, Baba, ina ƙarshensa?
Na yi kamar ina gyara igiya.

A gida na san kogi kamar tafin hannuna,
na san inda giwan ruwa ke kwana,
na san ramin da ya ci ƙanen kakana.
Nan kuwa iska ma wani yare take yi.
Da hantsi ta lallaɓo ta kudu kamar mai neman bashi,
da la'asar ta juyo kamar mai binsa.

Samarin kwata masu inji suka yi ta dariya:
Ga mai shanya ya iso!
Malam, wankin wa ka ɗauko?
Na yi dariya tare da su. Baƙo ba ya fushi
kafin ya san inda ake sayar da gishiri.

Rana ta tara na hau kututture.
Ƙarar katako ta shige ni har haƙori.
Ina kwarfar ruwa da ƙwarya, ina salati,
sai ga wani tsoho cikin ɗan kwale-kwale,
Ganwo sunansa, Bagunge, ido ɗaya ya yi fari.
Bai tambaye ni daga ina ba.
Ya dafa kututturen kamar kafaɗar aboki,
ya ce, Tsamiyar ƙofar gidanmu ce ka gaisar.

Ya nuna da filafili:
Nan masussuka. Nan rijiya, kauce mata, tana juya ruwa.
Daga nan zuwa can layin kuka ne, bakwai,
biyu sun ruɓe, biyar na jiran jirgin baƙo.
Can inda tsuntsun nan ya sauka
uwata take kwance.
Ina yaro ruwa ya zo, aka kwashe mu a mota.

Na yi shiru.
Ni da na zo ina tausayin kaina
don na bar gari yana nan tsaye a inda yake.

Yanzu wata biyar.
Na toshe ɓarakar da auduga da kwalta.
Tumba ta sami wadda suke musayar daddawa da ƙuli,
Ɗanjumma na ƙirga kifi da harshen Gungawa.
Ran kasuwa, in mai ya yi tsada,
masu albasa sukan leƙo inuwar buhunana
su ce, Mai shanya, za ka haye?

Nakan haye.
In na zo kan tsamiya sai in sassauta igiya,
in ratsa ta hagun rijiya,
in bi tsakiyar titin da ban taɓa takawa ba,
in yi sallama a ƙofar gidan su Ganwo,
ƙasa-ƙasa,
kada fasinja su ji.