Bawul na Bakwai

Tirela ta sauke su a Sharaɗa ran Laraba,
bawul goma sha ɗaya, tsatsa ta cinye bakinsu.
Wai rijiyoyin man da aka toshe
tun ina goye, su za a tasa daga barci.

Ina kankara, ina shafa giris,
Ɗan'asabe na haska mini cikinsu da tocila.
Na bakwai ya ƙi juyawa.
Na kara kunne a jikinsa
ko zan ji motsin ƙasar da ya baro,
hanci ne ya ji:
tsohon wari, kamar daddawa.

Da la'asar ya saki, har da kuka.
Janaretanmu kuwa ya yi tari, ya mutu.
Na aiki yaro Gadon Ƙaya
ya auno mana kwalba ɗaya wurin 'yan bumburutu.